Zauren Kawu: Ruwa ya janye, ya bar mu da lissafi

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina gajiya, yaya ruwa? Mu nan Kano sai godiya, in ban da kwanon ɗakin girkinmu da ya fara zuba tun shigowar Agusta. Sau uku ina kiran kafinta, sau uku yana ce mini "gobe da sassafe, Baba". Hajiya ta gaji ta jera roba biyu da tsohuwar langa a ƙarƙashin wurin, ta ce in ci gaba da warware matsalar mutanen duniya a mujalla, ita za ta ci gaba da tarar ruwa. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To a gidanmu dai mai ɗakin tawa ce ta sani, ni labari nake ji.

Wasiƙun wannan watan kusan duk da danshinsu suka zo. Na tsinci biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan cikin jaka.

Daga wani magidanci, Gwange, Maiduguri

Kawu barka da war haka. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida ɗaki shida da shago ɗaya a waje. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, ni ne babba, ga kuma mahaifiyarmu. A ambaliyar 2024 ruwa ya kai har saman taga, katangar baya ta zube, muka sake ɗaga ta da bulo. Tun lokacin Mama ba ta runtsawa in hadari ya haɗu. Muna so mu sayar mu koma kan tudu. Dillali ya ce mu yi sabon filasta da fenti, in mai saye ya tambaya mu ce ruwan iyakarsa tsakar gida, in ba haka ba kuɗin zai faɗi warwas. Sannan ƙanwata da ke aure a Bauchi ta ce ita ba ta yarda a sayar ba. Ya zan yi?

Ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya mayar muku da mafificin abin da kuka rasa. Da na ga sunan Gwange sai da na ajiye wasiƙar na ɗan yi shiru. A nan na yi haya shekara biyar lokacin da aiki ya kai ni Maiduguri, a nan kuma ruwan 1994 ya ritsa da ni, wancan karon da madatsar Alau ta ɓalle. Har yau ina ganin kwallayen jeren Hajiya suna yawo a tsakar gida kamar agwagi, ni kuma ina tsaye ruwa iya ƙugu da akwatin takardu a ka, na rasa ina ne gabas. Duk wanda ya ga namu ya kuma ga na ranar 10 ga Satumba 2024 cewa yake namu somin-taɓi ne. Ruwan da ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ya kwaso kadoji da macizai daga gidan zu na Sanda Kyarimi ya kai su cikin unguwa, shi ne dillalinka yake so ka ce ya zo ƙofar ɗakinku ya yi sallama ya juya?

Wa zai yarda? Duk mai son sayen gida a Gwange yau, kafin ya tambaye ka ya riga ya tambayi mai shayin bakin layi. In ma bai tambaya ba, katangar maƙwabcinku tana nan da zanen da ruwa ya bari, ba kai za ka yi mata fenti ba. Bango kuma ba ya riƙe sirri. Bulon da ya kwana da kwanaki cikin ruwa yakan riƙa fitar da wani farin gari kamar kanwa, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ya fara ɓarewa daga ƙasa. Damina ɗaya ta ishe shi ya tona muku asiri. Ranar sai ga mai saye da 'yan uwansa a ƙofar gida, ku kuma kun riga kun raba kuɗin gida takwas, wannan ya ƙara aure, wancan ya sayi Keke Napep. Daga ina za ka haɗo su? Dillalin kuwa ya ci la'adarsa tun tuni, in ka neme shi zai ce shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa.

Ni ba malami ba ne, amma akwai hadisin da ko yaran Islamiyya sun haddace, kuma shi ma maganar ruwa ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci da ya tsiba kayansa, ya cusa hannu cikin tsibin, yatsunsa suka ji laima. Ya tambaye shi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. A fikihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke aiki da shi, aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar a rage masa kuɗi gwargwadon aibin, in babba ne ma ya dawo da cinikin ɗungurungum. Ka ga ke nan abin ba nan duniya, ba can.

In ni ne kai, gyara zan yi na gaskiya. Ka kira birkila mai hankali, in da hali injiniya, ya duba fandisho, musamman inda sabuwar katanga ta haɗu da tsohon gini, domin a nan tsaga take fara fitowa. A duba shadda, a duba wayarin. Fenti ba laifi ba ne, kowa yakan yi wa kayansa kwalliya kafin ya kai kasuwa. Amma in mai saye ya zo, kai da kanka ka kai shi bakin taga ka ɗora hannu ka ce nan ruwa ya kai, nan ya zube, ga abin da muka kashe, ga magininmu ka tambaye shi. Kuɗin zai ragu, ba zan yi maka daɗin baki ba. Sai dai wanda ya saya a kan haka ya saya ke nan har abada. Masu saye kuwa suna nan. Akwai maƙwabcin da gidansa ya yi masa kaɗan, akwai ɗan kasuwar da shagon nan na waje yake hange, akwai wanda an haife shi a Gwange ba ya jin zai iya barci a wata unguwa ko da kogin Ngadda zai shigo masa gado.

Ka kuma yi tunani ko dole ne a sayar bana. Gida a unguwar da ruwa ya ci, farashinsa yana ƙasa ne tun abin yana ɗanye a zukatan mutane. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Ni na daɗe a aikin gwamnati, na san amincewa daban, gamawa daban, amma duk ranar da aikin ya tabbata masu saye za su ƙara ƙarfin gwiwa. Abin da ya fi gaggawa barcin Mama ne. Shi kuwa ana iya samunsa ta hanyar sa 'yan haya a gidan, a kama mata wani a kan tudu da kuɗin hayar, a ga abin da shekara ɗaya ko biyu za ta yi.

Yanzu maganar ƙanwarka, wadda a wurina ta fi ta dillali nauyi. Girmanka na babban wa bai ba ka ikon sayar da rabonta ba. In babu bashi, babu wasiyya, babu wata matar ko iyayen mamaci a raye, mahaifiyarku tana da tumuni, sauran a kasa goma, namiji biyu mace ɗaya. A misali, in an yi wa gidan kuɗi naira miliyan 16, Mama miliyan 2, kowane namiji miliyan 2.8, kowace mace miliyan 1.4. Wannan miliyan 1.4 ɗin nata ne, a cikin kowane ɗaki da kowane bulo, tunda ba a raba ba. In kuka sayar da naku ga bare ba da yardarta ba, tana da haƙƙin shufu'a, wato ta biya abin da baren ya biya ta karɓe. Alƙali zai yi muku bayaninsa fiye da ni.

Kada ka yi wannan magana a waya. Ka shiga mota ka je Bauchi, ka gai da mijinta, ka ci tuwon gidanta, sannan ka tambaye ta dalili. Sau da yawa macen da ke aure nesa ba kuɗi take ji ba. Gidan ubanta shi ne wurin da ta san in ta zo ba mai tambayarta yaushe za ta koma. In kuka sayar kuka watse, ina ne gida? Ka ba ta amsar wannan tukuna. In ta ji cewa a sabon wurin akwai ɗakin da ita da 'ya'yanta za su sauka, ina kyautata zaton za ka ga sauyi.

In an kai ga ciniki, ka zauna da mai saye ido da ido, kada dillali ya zama shi kaɗai ne bakinku, don akwai masu ɗora nasu a sama ban da la'ada. La'adar ma a yanke ta tun kafin a fara tayi, a san wa zai biya nawa. Kafin alƙalami a rubuta shi, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Kuɗi ya bi ta banki. Duk magada su sa hannu, mata ma da hannunsu, ba wani ya sa musu ba, ga bulama, wato mai unguwa, ga shaidu. A cikin takardar a rubuta ƙarara cewa an sanar da mai saye gidan ya shiga ambaliyar 2024. Wannan layi ɗaya shi ne garkuwarka. In kuma gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, ka sani tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 sauya sunan mai shi sai da amincewar gwamna. A Borno ofishin BOGIS mai kula da takardun filaye za ku je, kamar yadda mu nan muke zuwa KANGIS. Tunda takardar da sunan marigayi take, sai kun haɗa da takardar kotu ta gado. Ka gaishe mini da Mama.

Daga wata uwargida, Auyo, Jigawa

Kawu, ruwa ya shigo mana bana ma, ya cika rijiyar gidanmu. Yanzu ya janye, na sa alam ruwan ya kwanta ya yi garau. Maigida ya ce a sha, ni hankalina bai kwanta ba.

'Yata, hankalinki ya fi na maigida gaskiya, amma kada ki gaya masa ni na ce. Alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ya cika rijiyarku ya bi ta masan gidanku da na maƙwabta da turken dabbobi kafin ya iso. Haka aka yi a Maiduguri, ruwa bai daɗe da janyewa ba sai ga kwalara. A yashe rijiyar tas, a nemi ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su zuba mata sinadarin kulorin, a ɗaga bakinta da siminti a yi mata murfi. In da inji za a janye ruwan, injin ya tsaya nesa da bakin rijiya, hayaƙinsa yana sauka ƙasa ya kashe mai yasa ba tare da ya yi ko ihu ba. Kafin nan duk ruwan sha a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti guda. In yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, lita ɗaya na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana tafiya asibiti. Ku mutanen bakin kogin Haɗeja, tsakanin ruwan Tiga da Challawa da kachalar da ta toshe hanyar ruwa, wannan aikin ya kusa zame muku na kowace shekara. Allah Ya kawo sauƙi.

Daga wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Kawu, akwai yaron da ya yi shekara huɗu a shagona. Yana da ƙwazo, ya iya lissafi, ba ya fashi. Amma sau ɗaya, lokacin da mahaifiyarsa take kwance asibiti, ya ɗauki dubu 40 a cikin ciniki. Kafin in gano shi ya zo ya faɗa da bakinsa yana kuka, ya biya a hankali cikin wata biyar, bai sake ba. Yanzu ya samu aikin kula da sito a wani kamfani, ya kawo mini takardu biyu in cike. Ina son in taimake shi, ina kuma tsoron Allah. In faɗi abin da ya yi ko in rufe?

Alhaji, kafin mu je ga faɗi ko rufewa, ka ɗauko takardun nan biyu ka sa tabarau. Na yi shekara ashirin da wani abu a ofishin kula da ma'aikata, kuma zan iya rantsuwa ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya shaidar hali ce: ka san wane, tun yaushe, yaya aikinsa. Ɗayar fom ɗin garanto ne, shi ne mai neman hotonka ɗan ƙarami da katin shaidarka da adireshin gidanka. Ta farko bakinka take nema. Ta biyu aljihunka.

Ni da kuɗina na koyi wannan karatu. Ina matashin ma'aikaci, wani dattijo maƙwabcinmu ya turo ɗansa da fom, an ce sai ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. A bakin masallaci bayan la'asar na sa hannu, a kan sirdin Vespa ɗina, ko karantawa ban yi ba, don kunyar dattijon. Bayan wata goma sha ɗaya kaya suka yi ƙafa a siton da yake tsaro, shi ma ya yi ƙafa. Wasiƙar lauya ta same ni a ofis, masinja ya miƙo mini ita gaban mutane. A sakin layi na uku, da ƙananan haruffa, ashe na yi alkawarin biyan duk asarar da ta biyo ta hannunsa, ba iyaka. Vespa ɗin da na sa hannu a kanta ita ta tafi, da albashin wata uku. Dattijon bai daina gaishe ni ba har ya rasu, ni ma ban taɓa tayar masa da maganar ba, amma shekara biyu a ƙafa nake zuwa bakin titi.

Saboda haka fom ɗin garanto ka karanta shi layi-layi, in Turancin ya yi kauri ka ba wanda ya iya. Ka nemi wurin da aka faɗi iyakar abin da za ka biya da tsawon lokacin da lamunin zai ɗauka. In babu, ka tambayi kamfanin ko za su rubuta. In sun ƙi, ka tambayi kanka ko za ka iya biyan kayan sito guda ba tare da ka taɓa jarinka ba. In amsar a'a ce, ka ce wa yaron wannan ba za ka iya ba, kuma ba don abin da ya wuce ba ne, ko ɗan cikinka ne sai ka yi wannan lissafin.

Shaidar hali kuwa ka rubuta masa, da zuciya ɗaya. Wani zai ce to Kawu, yanzun nan ka gama ce wa mutumin Gwange kada ya ɓoye aibi. Haka ne. Amma bango ba ya tuba. Danshin da ke cikinsa yana nan, mai saye zai gaje shi. Yaron nan shi ya kawo kansa, ya biya, ya kuma zauna a gabanka shekaru kana ba shi makulli. Ni a wurina wanda aka jarraba ya faɗi ya tashi da ƙafarsa, na fi sanin inda ya tsaya a kan wanda ba a taɓa barinsa da aljihun tebur a buɗe ba. Addini ya kwaɗaitar da rufa asirin wanda ya tuba, ba a ce ka bi kamfani da labarin da ba su tambaye ka ba.

Iyakar dai kada alƙalaminka ya rubuta ƙarya. Ka rubuta shekarun da ya yi, aikin da ya riƙe, ƙwazonsa, iya lissafinsa, da cewa kun rabu lafiya. Duk wannan gaskiya ne. Kada ka rubuta "ban taɓa samunsa da laifi a kan kuɗi ba", don ka same shi. In fom ɗin yana da wannan tambayar kai tsaye, ko suka bugo waya suka yi maka ita, nan fa an nemi shawararka, kuma wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Sai ka faɗa duka, farko da ƙarshe, har da cewa shi ya tona kansa, har da cewa bayan nan ka ci gaba da barin masa shago. Kuma tun yau ka kira yaron, ku biyu kawai, ka gaya masa ga abin da za ka rubuta, ga abin da za ka faɗa in an tambaye ka. Kada ya ji a bakin manaja. Wataƙila ma ya zaɓi ya riga ka faɗa musu. Na zauna a teburin ɗaukar aiki sau ba adadi, kuma irin wannan bai taɓa zubar da mutum a idona ba.

Daga wata malamar makaranta, yanzu a Zariya

Kawu, ni 'yar Unguwar Hausawa ce a Mokwa. Ambaliyar watan Mayu ta tafi da gidanmu da komai, har takardun makarantata, na WAEC da na NCE. Allah Ya tsirar da mu. Yanzu ina wurin gwaggona. Wata makaranta ta kira ni, amma sun ce in zo da takardu na asali da wasiƙa daga inda na yi aiki. Na koyar shekara uku a wata makarantar kuɗi, ita ma ruwa ya cinye ta, lambar mai makarantar ba ta shiga.

'Yata, sannu. Abin da ya faru a Mokwa da asubahin 29 ga Mayu 2025 ya wuce a ce asara, mutum sama da 150 aka tabbatar sun rasu, ban da waɗanda ba a gani ba. Wanda ya fita da ransa ya fita da babban rabo. Takarda kuwa ruwa ya ci ta hannunki ne kawai, sunanki yana nan a rajistar waɗanda suka ba ki.

Ki fara da ofishin 'yan sanda, su ba ki takardar rahoton ɓacewa. Daga nan kotu, ki yi takardar rantsuwa, ki lissafa kowace takarda da sunanta da shekararta, da lambar jarrabawa in kina tunawa. Waɗannan biyun su ne makullin kowace ƙofa, ki yi musu hoto da yawa. WAEC ba ta sake buga satifiket sau biyu, amma tun 2022 ta buɗe shafin intanet inda wanda ya zana jarrabawa daga 1999 zuwa yau zai iya fitar da nasa na kwamfuta, kowane shagon kwamfuta a Samaru ko Sabon Gari ya san hanyar. Na NCE sai kin je kwalejinku, ofishin magatakarda, da wasiƙar roƙo da waɗancan takardu biyu, su ba ki takardar tabbatar da sakamako. Ki je da kanki, da safe, kuma ki sa rai za a ce ki dawo. Katin NIN shi ne mai sauƙi, lambar tana nan, bugawa kawai za a sake.

Maganar wasiƙa kuma, ba dole sai mai makaranta ba. Ina hedimasta? Ina malamin da ya girme ki a aiki? Ina shugaban ƙungiyar iyayen yara? Ɗayansu ya rubuta cewa ya san ki kina koyar da aji kaza daga shekara kaza zuwa kaza, ya sa lambar wayarsa. In ta banki ake biyanki albashi, ki karɓo bayanin asusunki, sunan makarantar zai fito wata bayan wata, wannan shaida ce da ba ta da son kai. Sannan kada ki jira sai komai ya haɗu. Ki je musu yanzu da abin da ke hannu, ki ce daga Mokwa kike, ga rahoton 'yan sanda, ga rantsuwar kotu, sauran suna hanya, ki nemi mako huɗu. Ba wanda bai ji labarin Mokwa ba. Makarantar da ta ji wannan ta ce sai asali ko a fasa, ba ki yi rashin wurin aiki ba.

Ga sauran jama'ar zaure: yau ɗin nan ku ɗauki hoton takardunku da waya ku tura wa ɗan uwa a wani gari. Na asalin a sa a leda biyu, a jefa cikin wankakken bokitin fenti mai murfi, a ɗora saman kwaba. Ni a 1994 na tsira da akwatin amma ruwa ya shiga ta ƙasa, garin gaggawa na ɓanɓare takardun suna jiƙe na shanya a rana, takardar ɗaukata aiki ta rabu biyu, hatimin ya bi ɗaya ɓarin. Har na yi ritaya da gam a bayanta.

Daga wani ango, Fori, Maiduguri

Kawu, an sake mini filastan ɗaki, biki saura wata ɗaya. Mai fenti ya ce bangon ya bushe. Yaya zan tabbatar?

Ango ka sha ƙamshi. Ka yanko farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta a bango ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, ka bi gefunanta huɗu da salatif kada iska ta shiga. Ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya fi sauran bangon duhu, da saura. Ka buɗe tagogi, ka janye kaya daga jikin bango, ka sake gwadawa bayan mako. In biki ya matso bai bushe ba, a shafa farar ƙasa a shiga da ita, ita tana barin bango ya yi numfashi, fentin mai kuwa kulle danshin yake a ciki. 'Yan jere za su yi gunaguni, ka ce musu bayan sallah. Kuma ka roƙe su kada su manna gado da kwaba a jikin bangon, su bar tazarar hannu guda.